Tayil Ɗaya da Ya Juya Baya

Wata biyu na yi ina jira kafin a ba mu tebur.
Ran nan Baba ya sa kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar Mama,
ya goge takalmi har sau biyu,
muka gangaro daga Comas, bas uku,
Lima tana ta yayyafin nan nata da ba ya jiƙa ƙasa.

A bakin ƙofa, can Barranco,
wani saurayi mai ɗan kunne ya bi layi da yatsa:
Nélida Ccahuana, mutum biyu.
Ya dubi hannun Baba, ya kau da ido.

Aka kawo ɗanyen kifi, an yanka shi siriri kamar farce,
kwance cikin ruwan lemun tsami da rawayan barkono,
an ɗiga masa baƙin romon Japan.
Mai kawo abinci ya zuba mana bayani,
wai teku biyu ne suka haɗu a faranti.
Baba ya ce ƙasa-ƙasa,
"Ai tekun ɗaya ne, yaro. Gaɓa ce biyu."

Tsinkayen cin abinci suka ƙi zama a yatsunsa,
yatsun da siminti ya ci shekara arba'in.
Loma ta suɓuce, ta faɗi kan farin ƙyalle.
Matar da ke gefenmu ta sami abin dubawa a wayarta.
Ya ajiye tsinkayen a jere, ya ce,
"Bari in zaga."

Minti goma. Sha biyar.
Dankalin ya huce, kitse ya kwanta a kansa.
Na tashi na bi sawu.

To, dama an faɗa mini.
Rabin garin don banɗakin nan suke zuwa.
Bango shuɗi tun daga ƙasa har rufi,
kowane tayil da igiyar ruwa guda a jikinsa,
duka suna gudu wuri ɗaya, wajen yamma.
Ruwa na tsiyaya daga tsagar baƙin dutse,
ba famfo, ba murfi, miƙa hannu kawai.
Madubi na kallon madubi har mutum ya zama taro.
Ƙamshin itace. 'Yan mata uku na layin hoto.

Shi kuwa yana durƙushe a lungu,
gwiwar wandon jana'iza a ƙasa,
tafinsa manne da bango
kamar mai jin zafin goshin yaro.

"Zo ki gani," ya ce.

Ƙasan wurin wanke hannu, inda ido ba ya kai,
tayil ɗaya ya juya baya.
Igiyarsa ita kaɗai take komawa tudu.

"Sati goma sha ɗaya na yi a ɗakin nan.
Ta ƙofar baya nake shiga, inda ake sauke kifi.
Wannan na riƙe lokacin da asibiti suka kira.
Na manna shi, na fita da gudu.
Da na dawo ya riga ya kama.
Mai zanen, Arakaki, ta duƙa ta gani,
ta dube ni, ta ce a bar shi."

Shekara huɗu. Bai taɓa faɗa ba.
Ni da nake cewa zan kai shi wurin da bai taɓa gani ba.

Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce,
"Tsoho, ɗan matsa mana."
Ya miƙe, gwiwa ta yi ƙara,
ya karɓi wayar, ya ja su taki biyu hagu
inda layin ya fi miƙewa,
ya ɗauke su.

Da muka koma ya ɗaga hannu sama
kamar mai kiran lebura ya kawo kwaɓi,
ya ce a ba shi cokali.
Ya cinye kifin tas, ya shanye ruwan tsamin,
ya share baki, ya jingina.

"Gishiri bai ji ba," in ji shi.
"Amma banɗakin, babu laifi."